Gansakuka a Tarihin Kiyaye Dausayi: Waiwaye Daga Ƙasar Lafiya

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aikin kiyaye dausayi ya faro a Nijeriya, da yadda ya tsallake ɗan tsiron nan da Bahaushe ke kira gansakuka. Tun daga sunan ma akwai ruɗani. Kalmar ta haɗa koren yauƙin da ke kwanciya bisa ruwa da kuma tsiro mai laushi da ke lulluɓe dutse ko gindin itace a wuri mai danshi, alhali masana tsirrai sun raba su gida biyu. Na biyun ake nufi a nan. Ba ya fure, ba shi da saiwa ta ainihi, ta jikinsa yake shan ruwa. Don haka yana cikin waɗanda kan fara shan wuya idan fadama ta tsotse.

Turawa sun daɗe da sanin darajarsa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya likitocin Ingila sun riƙa ɗaure raunin sojoji da wani irinsa mai suna sfagnum, saboda ya fi auduga tsotse ruwa. Da noma ya ƙafar da dausayinsu, sai ƙungiyar ƙasashen Turai ta sa wasu ire-irensa cikin jerin tsirran da doka ta kare a 1992.

A Nijeriya kuwa ta ƙofar dabbobi aikin ya shigo. A 1972 gwamnatin Jihar Binuwai-Filato ta keɓe gandun Pandam, kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, inda tafkinsa ya shahara da dorina da ayu. A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗejiya da Nguru, bayan madatsar Tiga ta rage ambaliyar da ke ciyar da shi, kuma tsuntsayen da ke ƙaurowa daga Turai ne suka fi jawo hankalin masu ba da tallafi. Yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ta karɓi tafkin Nguru a 2000, na Pandam kuma a 2008. Duk gansakukan da ya tsira a waɗannan wurare, albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Ƙananan fadamu irin na Azuba da maƙwabtanta ba su shiga wannan lissafi ba, domin gonaki ne, ba gandun gwamnati ba. Shirin noman fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa daga farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyoyi da injinan ban-ruwa. Manomi ya amfana, ba a musun wannan, sai dai ruwan da injin ya zuƙe shi ne danshin da tsiron ke rayuwa a kansa da rani. Ga kuma gine-gine, waɗanda tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996 suke matsowa zuwa ƙauyukan da ke kewaye da ita.