Gurbin gado a jami'a: Abin da ke gaban iyayen da ke shirin kai sabon ɗalibi makaranta

Da zarar sunan yaro ya fito a jerin waɗanda suka samu gurbin karatu a jami'a, gida kan ɗauki harama. Uwa ta shiga soya nama da daka yaji, uba ya shiga lissafin kuɗin rajista, 'yan uwa kuma kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Katifa, bokiti, gidan sauro, fitila mai caji, kwado, garin kwaki, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, duk ba a cika mantawa da su ba. Abin da aka fi bari sai an isa ƙofar makaranta shi ne tambayar inda za a shimfiɗa katifar. A jami'o'in gwamnati na Najeriya samun gurbin karatu daban ne, samun gurbin gado kuma daban, kuma na biyun ne ke yanke hukunci kan yawan kuɗin da iyaye za su kashe da kuma irin haɗarin da ɗansu zai kwana a cikinsa.

Yadda gadaje suka yi ƙaranci

Jami'o'in farko na ƙasar nan, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a 1962, an gina su ne bisa tsarin ɗalibi ya kwana a cikin makaranta, ya kuma ci abinci a ɗakin cin abincinta da tallafin gwamnati. Ƙarin kuɗin abinci da na kwana ne ma ya haddasa zanga-zangar ɗalibai ta Afrilun 1978, wadda ta nemi kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka daga muƙaminsa, kuma aka rasa rayukan ɗalibai a Zariya da Legas. A cikin shekarun 1980 aka janye tallafin ciyarwar. Daga nan yawan ɗalibai ya ci gaba da ninkuwa, gine-ginen kwana kuwa suka tsaya kusan inda suke.

Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 domin binciken buƙatun jami'o'in gwamnati, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mahmood Yakubu, ya gano cewa kusan ɗalibi ɗaya ne cikin goma ke da gurbin gado a makaranta. Tun daga lokacin an yi ƙare-ƙare, wasu da kuɗin asusun TETFund, wasu kuma gudummawar attajirai ne, kamar rukunin ɗakunan kwana mai ɗaukar ɗalibai sama da 2,000 da Gidauniyar Aliko Dangote ta gina wa Jami'ar Ahmadu Bello. Amma an kuma buɗe sababbin jami'o'i masu yawa, wasunsu a garuruwan da ba su shirya karɓar dubban baƙi ba, kuma da dama sun fara ɗaukar ɗalibai tun ba su kammala katanga ba, balle ɗakunan kwana.

Yadda ake rabon gado

Ofishin shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai ne ke da alhakin rabon, kuma a yawancin jami'o'i yanzu ta shafin intanet na makaranta ake nema. Bisa al'ada ana fifita 'yan aji ɗaya da 'yan ajin ƙarshe, sai masu buƙata ta musamman da ɗaliban likitanci da suka kai matakin asibiti. Wannan fifiko ba alƙawari ba ne. Shafin kan buɗe ne ga wanda ya riga ya biya kuɗin rajista, kuma gadajen kan ƙare cikin ƙanƙanin lokaci. Saboda haka iyalin da suka ɗauki makonni suna haɗa kuɗin makaranta su ne suka fi rasa gado, wato waɗanda suka fi buƙatar gado mai araha su ne ke komawa hannun masu gidajen haya.

Kafin a kai ga wannan mataki akwai takardun da rashinsu kan jinkirta rajista: takardar shaidar samun gurbi daga hukumar JAMB bayan ɗalibi ya amince da gurbin a manhajar CAPS, sakamakon WAEC ko NECO ko NBAIS, takardar haihuwa, ta shaidar asalin ƙaramar hukuma, lambar NIN da hotunan fasfo. Ya kamata suna da ranar haihuwa su zo daidai a dukkansu, domin bambancin harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Muhammed na iya bin ɗalibi har lokacin tafiya hidimar ƙasa. Gurbin da bai bi ta CAPS ba kuwa, hukumar JAMB ba ta san da zamansa ba.

Kuɗin gado a jami'o'in tarayya ta hanyar Remita ake biyansa zuwa asusun gwamnati, a kuma samu rasit mai ɗauke da sunan ɗalibi. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗi asusunsa na ƙashin kansa domin ya samo gado, ko dai ɗan damfara ne, ko kuwa dillalin kasuwar bayan fage.

Kasuwar tana nan kuma tana ci. Ɗalibin da ya samu gado a farashin hukuma kan sayar da shi ga wani a kan ninkin kuɗin, wani lokaci ta hannun 'yan tsakiya. Dokokin jami'o'i sun haramta wannan ciniki, kuma idan aka gano, mai saye ne ke fara rasa gadon tunda ba sunansa ke rubuce ba. Akwai kuma zaman raɓe, inda mai gado ke karɓar aboki ko ɗan garinsu su kwana tare. Shi ya sa ɗakin da aka tsara domin mutum huɗu kan kwashe takwas ko fiye, banɗaki ya lalace, ruwa ya gaza. Hukumomin makarantu sun san da haka, sukan kuma kawar da kai, domin korar 'yan raɓe na nufin tura ɗaruruwan ɗalibai kwana a azuzuwa da masallatai.

Idan gado bai samu ba

A nan ne shawarar iyaye ta fi nauyi. Unguwanni irin su Samaru a Zariya, Danbare da Rimin Gata kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ko Mairi a Maiduguri, sun daɗe suna rayuwa da hayar ɗalibai. Ana biyan kuɗin shekara guda a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin wuta da na ruwa, ga kuɗin mota kullum, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Shekarar mai gida kuma watanni goma sha biyu ce, ko an yi karatu ko ba a yi ba. Ɗaliban da suka biya haya a farkon 2022 sun ga haka, lokacin da yajin aikin ƙungiyar ASUU ya rufe jami'o'i daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, suka dawo suka tarar hayarsu ta kusa ƙarewa ba su kwana a ɗakunan ba. Yarjejeniya a rubuce, mai bayyana ranar shiga da ta fita da wanda gyara ke wuyansa, ita ce kaɗai abin riƙewa idan rigima ta taso.

Batun da ya fi kuɗi girma shi ne tsaro. A daren 22 ga Satumban 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka sace fiye da mutum 20, yawancinsu ɗalibai mata. Ba a cika mako biyu ba aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Tun kafin waɗannan, a farkon Oktoban 2012, an kashe mutane sama da 20, da yawansu ɗalibai, a unguwar Wuro Patuji ta Mubi inda ɗaliban manyan makarantun garin ke zama. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne babu wanda ya ɗauki alhakinsu kai tsaye. Jami'an tsaron makaranta iyakarsu ƙofar makaranta, mai gida kuma kuɗinsa yake karɓa.

Katangar makaranta ma ba garkuwa ba ce a kowane hali. Daga cikin harabar Kwalejin Gandun Daji ta Afaka aka kwashe ɗalibai 39 a Maris ɗin 2021, kuma a Afrilun shekarar aka afka wa Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda aka kashe biyar daga cikin ɗaliban da aka sace. Dukkansu suna gefen gari ne, dab da daji. Saboda haka tambayar ba ta tsaya kan ciki ko waje ba. Uban da zai kama wa ɗiyarsa ɗaki yana da dalilin zuwa da ƙafarsa ya ga gidan, da rana da kuma bayan magariba: nisansa da ƙofar makaranta, ko shi ne gida na ƙarshe kafin gonaki, ko akwai magidanta a layin ko kuwa ɗalibai ne zalla, ko sabis ɗin waya na kamawa, da kuma wanda ke riƙe da makullin ƙofar waje. Gidajen bakin gari sun fi araha, kuma dalilin arahar ke nan. Gaisawa da mai unguwa da limamin masallacin layin, a gabatar masu da yaro, tsohuwar al'ada ce da har yanzu take aiki.

Lissafin aljihu

Dokar bashin karatu da aka sake sanya wa hannu a Afrilun 2024 ta kafa asusun NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayun shekarar. Bashin ba shi da kuɗin ruwa, kuma na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, sannan wanda ya nemi na ɗawainiya ana ba shi naira 20,000 a wata. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Sai dai ɗalibi ba ya iya nema sai makarantarsa ta shigar da bayanansa, kuma kuɗin ba ya zuwa a makon da ake rububin gado. Kuɗin zangon farko daga aljihun iyaye yake fita. Naira 20,000 kuma, a farashin abinci na yau, ba ta ciyar da matashi wata guda, balle a yi maganar haya.

Shi ya sa kayan abincin da uwa ke haɗawa ba kwalliya ba ne. Shinkafa, wake, taliya, garin kwaki da dambun nama su ne ke riƙe ɗalibi idan kuɗi ya yanke a tsakiyar wata. Yana da kyau a tambayi dokar ɗakin kwanan kafin a sayi abin girki, domin makarantu da yawa sun hana murhun lantarki da hitar dafa ruwa saboda gobara da kuma tsadar wuta, wasu kuma sun keɓe wurin girki daban. Yaron da bai taɓa kunna tukunyar gas ba, gara ya koya a gida.

Lafiya da shekaru

Cunkoso a ɗaki mai ƙarancin iska shi ne yanayin da sanƙarau ke so, kuma arewacin Najeriya na cikin yankin da cutar ke tashi daga lokacin hunturu zuwa zafin bazara. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar cutar, don haka tambayar rigakafi a asibiti mafi kusa kafin tafiya ba ɓata lokaci ba ne. A cikin kuɗin rajista galibi akwai na inshorar lafiyar ɗalibai, wato shirin TISHIP, amma ɗalibai da yawa ba sa zuwa buɗe kati a asibitin makaranta sai ciwo ya kwantar da su. Mai sikila, asma ko farfaɗiya yana buƙatar takardar likitansa a hannu, da kuma aƙalla mutum ɗaya a ɗakin da ya san halin da yake ciki.

Bayan taƙaddamar 2024, lokacin da tsohon ministan ilimi Tahir Mamman ya nemi a tsayar da shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, magajinsa Tunji Alausa ya mayar da shi 16. Ma'anar haka ita ce wasu daga cikin masu shiga ɗakunan nan yara ne a idon doka, za su kuma zauna da waɗanda suka girme su da shekara goma. Jami'a ba makarantar kwana ta sakandare ba ce, babu mai kiran suna da dare a yawancin ɗakunan maza, kuma ɗalibi na iya kwana uku bai dawo ba kafin wani ya lura. Nasihar da aka saba yi ta riƙon salla da guje wa abokan banza tana nan da muhimmancinta, amma ba ta gaya wa yarinya ofishin da za ta nufa idan malami ya matsa mata lamba ba. Ofishin kula da harkokin ɗalibai da na shawarwari su ne matakin farko, hukumar ICPC kuma tana karɓar irin wannan ƙorafi a matsayin amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba.

Ranar kai yaro, iyaye da yawa kan sauke kaya a bakin ƙofa, su yi addu'a, su juya domin kada dare ya yi masu a hanya. Kafin juyawar akwai abubuwa ƙalilan da ke buƙatar a rubuta su a takarda, ba a waya kaɗai ba: sunan ginin da lambar ɗakin, lambar wayar abokin ɗaki ɗaya ko biyu, ta jami'in da ke kula da ginin, da ta sashen tsaron makaranta. Idan haya ce, a ƙara da ta mai gidan da ta wani maƙwabci magidanci.