Kuza da Barkono: Tarihin Hasken da Ido Ba Ya Gani a Ƙasar Jos

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Rikkos da sassafe ya nufi kasuwar Farin Gada zai tarar da kwandunan tattasai da attarugu da barkono jere reras. Kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar irin ƙasar da ta fitar da su. Wannan maƙala za ta bi sawun tarihi biyu da suka haɗu a lambunan Jos: tarihin haƙar kuza, da tarihin binciken masana game da wani ɓoyayyen haske mai ratsa jiki, wanda ake kira radiyeshin, da yadda yake sauya halittar shuka.

Kuza da Abin da Ta Bari

Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwe sun san narka kuza su fitar da dalma, fatake kuma su kai ta kasuwannin ƙasar Hausa. Wannan dalma ce ta ja hankalin Kamfanin Neja, har ya turo injiniya H. W. Laws a 1903, wanda ya kafa sansani a Naraguta, kusa da kogin Dilimi. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru. Da Japan ta kame Malaya a 1942, sai Ingila ta juyo kan Filato gaba ɗaya, aka yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas. A shekarun 1950 kuma kasuwar kwalambait ta buɗe. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, sai harkar manyan kamfanoni ta durƙushe, aka bar mana kududdufai da tsibin yashi.

A cikin wannan yashi akwai ma'adanai irin su monazait da zakon, masu ɗauke da sinadaran toriyam da yuraniyam, waɗanda ke fitar da hasken nan dare da rana. Toriyam kuwa sai ya yi kimanin shekara biliyan 14 kafin rabinsa ya ƙare. Abin lura, a watan Janairun 1961 Nijeriya ta sallami jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane ta Aljeriya, don tsoron kada hunturu ya kwaso mana ƙurarsa. A daidai wannan lokaci tsibin yashin kuza na ta ƙaruwa a bayan gidajenmu. Daga baya mutane suka riƙa ɗibarsa suna gini, masu lambu kuma suka mayar da kududdufan madogarar noman rani.

Yadda Hasken ke Sauya Gado

Kowace ƙwayar halitta ta barkono na ɗauke da zaruruwan gado guda 24, wato 12 daga ɓangaren uwa, 12 daga ɓangaren uba. A jikinsu aka ajiye umarnin tsayin shuka da launin ɗanta da zafinsa. Idan hasken ya ratsa, yakan tsinke zaren kai tsaye, ko ya farfasa ruwan da ke cikin ƙwayar, gutsattsarin su far wa zaren. Ƙwayar takan yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar, kuma galibi takan dace. Amma wani lokaci ɗinkin kan karkace, sai umarnin ya sauya.

Inda ɓarnar ta faɗa shi ke yanke hukunci. Idan a tsohon ganye ne, to, da ganyen za ta mutu. Idan kuwa a kan toho ne, ko cikin fure, ko a ɗan tsiron da ke kwance cikin iri, inda ƙwayoyi ke ta rabuwa, sai duk abin da ya fito daga nan ya gaji sauyin. Mafi yawan irin wannan sauyi ɓoyewa yake yi a shukar farko, domin lafiyayyen zaren ɗaya ɓangaren na rufa masa asiri. Da yake furen barkono yakan yi wa kansa barbara, sai a zuriya ta biyu abin ke bayyana: tsiro fari fat wanda ba ya rayuwa, ko wada, ko furen da ba ya ɗaura ɗa, ko ɗa mai baƙuwar siffa.

Masana sun daɗe da gano haka. A 1927 Hermann Muller ya nuna cewa hasken eksire na sauya gadon ƙananan ƙudaje, a 1928 kuma Lewis Stadler ya tabbatar da haka a kan sha'ir da masara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe gona a Brookhaven ta Amurka, inda ake dasa shuke-shuke kewaye da sinadarin kobal mai fitar da hasken. A 1964 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar makamashin nukiliya suka kafa sashen haɗin gwiwa, kuma ire-iren da aka yi wa rajista ta wannan hanya sun haura 3,000. A fannin barkono, Stefan Daskalov na Bulgeriya ya yi fice a shekarun 1970.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, barkono ya fi mai shuka shi juriya. Kafin masana su sami sauyi a busasshen iri, sai sun zuba masa adadin hasken da ya ninka wanda ke kashe mutum sau goma da ɗoriya. Abin da yashin kuza ke fitarwa bai kama ƙafar wannan ba. Saboda haka idan muka ga ganyen attarugu ya nannaɗe, galibi cutar da ƙwari ke yaɗawa ce. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ɗan Adam, mai shaƙar ƙurar, mai kwana a ɗakin da aka yaɓe da yashin, mai cin abin da saiwa ta zuƙo, shekara da shekaru. A 2007 masana daga Jami'ar Ibadan sun wallafa binciken da suka yi a Bisichi, yankin tsohuwar haƙar kuza, inda suka auna waɗannan sinadarai a cikin amfanin gona.

Muna da dokar 1995 da ta tanadi hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, muna da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ga kuma masana a nan Jos. Abin da ya rage shi ne a bi lambuna da unguwanni, daga Rikkos har Bukuru da Barikin Ladi, a auna, a shaida wa manomi da magini cikin harshen da suke ji inda ya dace su shuka, da yashin da ya kamata su ƙaurace wa. Masu iya magana dai sun ce rigakafi ya fi magani.