Kason Kare: Daga Dajin Farauta Zuwa Kwatar Mai Wurno

Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, har suka yada zango a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kudu da Sinnar. Garin ya ci sunansa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya ƙara jawo mutanenmu, suka zo da sana'o'insu: noma, su, da fawa. Har yau Sudan na cin tsirenmu da sunan agashe.

Duk inda mahauci ya kafa wuƙa, kare na gefe. Kason kare tsohuwar al'ada ce a wurinmu. Maharbi kan feɗe nama a daji ya jefa wa karnukansa kayan ciki tun da ɗuminsu, karen gida ya samu ƙanzo da ƙashi, mage kuwa ta jira hanjin kifi. Littattafan Malikiyya da muka tashi da su sun yarda a riƙe kare don farauta, kiwo da tsaron gona, kuma wanda ya riƙe dabba, cinta na wuyansa.

Abin da Turawa ke yayi yanzu ba baƙonmu ba ne. A 1993 wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya, Ian Billinghurst, ya wallafa littafi yana kira a koma ba karnuka ɗanyen nama da ƙashi. Masu wannan hanya kan auna wa kare kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa kullum, galibi tsoka, da ɗan ƙashi da hanta, su adana a firji. Mu da ido muke awo.

Amma a nan gizo ke saƙar. Mahauci kan ga ƙullutu mai ruwa a huhu ko hantar raƙumi, ya yanke ya wurga wa kare. Cikin ƙullutun nan akwai 'ya'yan tsutsa. Su girma a hanjin karen, ƙwansu ya fita a kashinsa, ya shiga ciyawa da ruwa da hannun yara. Shekaru su shuɗe, ƙullutun ya tsiro a hantar mutum, sau da yawa sai an yi masa tiyata. Likitocin dabbobi sun sha samun cutar a raƙuman da ake yankawa a Tambul, nan tsakiyar Sudan.

Shi ya sa duk lokacin da mai sauraro ya tambaye ni a shirina ko ya daina ba karensa nama, nakan ce a'a. A ba shi kasonsa kamar yadda kakanni suka yi, amma huhu da hanta a dafa su tukuna, mai ƙullutu kuwa a ƙone shi ko a binne da zurfi, inda kare ba zai tono ba.