Tarihin Santur, Akwatin Kiɗa na Farisa, da Yadda Ya Yaɗu Cikin Duniya

Kayan kiɗa masu tsirkiya iri iri ne. Akwai waɗanda a ke gogawa, kamar goge da kukuma, akwai kuma waɗanda a ke kaɗawa da yatsa ko da farce, kamar molo da garaya da gurmi. Sa'an nan akwai wani iri na uku wanda makaɗan ƙasar Hausa ba su saba da shi ba, watau wanda a ke bugun tsirkiyarsa da 'yan sanduna kamar yadda a ke bugun ganga. Mutanen Farisa da na Iraki suna ce da shi santur. Masana harshe sun ce asalin sunan daga Yunananci ne, daga kalmar da Yunanawa ke kiran abin kiɗa mai tsirkiya da ita, har ta bi bakin mutanen Gabas ta zama haka.

Sifar santur na Farisa ita ce, akwati ne na katako mai kusurwa huɗu, gefen da ke wajen makaɗi ya fi tsawo, ya kai kamar ƙafa 3, gefen da ke nesa da shi kuwa kamar inci 14 ne, kaurin akwatin bai kai inci 3 ba. Yawanci a kan sassaƙa shi da wani itace mai tauri wanda Farisawa ke kira girdu, kuma sai wanda ya daɗe da bushewa, gama ɗanyen katako ba ya jure jan tsirkiya. A kan huda furanni biyu bisa fuskarsa don murya ta fito, a cikin cikinsa kuma a kan kafa 'yan ginshiƙai tsakanin fuska da baya. Wurin da aka kafa waɗannan ginshiƙai shi ke gyara murya ko ya ɓata ta, saboda haka nan ne asirin kowane masassaƙi ya ke.

Tsirkiyarsa 72 ce, duk ta waya. An raba su huɗu huɗu, kowane huɗu murya ɗaya su ke bayarwa, suna kuwa bisa wani ɗan guntun itace da ke ɗaga su. Farisawa suna kiran wannan ɗan itace harak, ma'anarsa ɗan jaki, daidai da yadda makaɗan goge na ƙasar Hausa ke ce da nasu jaki, domin aikinsu ɗaya ne, ɗaukar kaya. Jakunan 18 ne, 9 a dama, 9 a hagun. Na dama suna ɗauke da wayar tagulla mai babbar murya, na hagun suna ɗauke da wayar farin ƙarfe mai ƙaramar murya. Jakin hagun ya raba tsirkiyarsa biyu, wani sashe ya ninka wani tsawo, har in an buga gajeren sashen sai ya ba da muryar dogon, amma ta fi ta siriri, kamar yaro da babba suna waƙa ɗaya. Ta haka akwatin ya sami hawa uku na murya. A gefen dama akwai turaku na ƙarfe 72, a kan juya su da mabuɗi, a ɗaure tsirkiya ko a sassauta ta, kuma duk sa'ad da za a sake salon kiɗa sai an sake ɗauri.

Makaɗi ya kan zauna da akwatin a gabansa, da 'yan sanduna biyu marasa nauyi, ana ce da su mizrab, ɗaya a kowane hannu, ya riƙe tsakanin babban yatsa da manuni da na tsakiya. Da wuyan hannu ya ke bugu. In yana son ya ja murya ta yi tsawo, sai ya yi ta sauke dama da hagun bisa tsirkiya ɗaya da sauri ƙwarai, har kunne ya ji kamar zare ɗaya ne bai tsinke ba.

To, santur yana da halaye biyu waɗanda su ne suka ja ragamar tarihinsa duka. Na fari, tsirkiyar da aka buga ba ta yin shiru nan da nan, sai ta yi ta amo har ta hau kan wadda aka buga bayanta, in makaɗi bai ƙware ba kiɗan ya cuɗe. Na biyu, ba a iya lanƙwasa muryarta bayan an buga, kamar yadda mai goge ke yi da yatsa yana bin muryar mawaƙi. Kowace al'umma da wannan akwati ya shiga hannunta sai da ta nemi maganin abin nan biyu, waɗansu suka nema a wurin maƙera da masassaƙa, waɗansu kuwa a hannun makaɗi.

Turawa su ne suka bi hanyar maƙera. Tun cikin ƙarni na 15 a ke ganin irin wannan akwati cikin zane-zanensu, Jamusawa suna kiransa da sunan katakon da a ke sara nama a kai, gama abin kiɗan ƙauye ne da gidan biki. Sai wani Bajamushe, Pantaleon Hebenstreit, ya ƙera wani babba, tsawonsa ya kai kamar ƙafa 9, ya je ya buga shi gaban Sarkin Faransa Louis na 14 cikin shekarar 1705. Sarki ya ji daɗi, ya ce a riƙa kiran abin da sunan mai shi, Pantaleon. A wajen wannan zamani ne kuma Bartolomeo Cristofori ya ƙago piyano a birnin Florence ta Italiya, watau tsirkiya da guduma a cikin akwati, yatsa ya danna, guduma ta buga, in ya ɗaga wani ɗan ƙyalle ya sauko ya kashe amon. Gottfried Silbermann, wanda ya ƙera wa Hebenstreit akwatunansa, shi ne kuma ya shahara da ƙirar piyano a Jamus, har ya sa mata wani maɗauki da ke ɗage ƙyallayen duka, don mai sha'awar amon nan na da ya same shi. Da piyano ta kafu, sai gidajen sarauta suka manta da abin kiɗan Hebenstreit, ba a daɗe da mutuwarsa ba ya ɓace. Amma talakawa na duwatsun Jamus da Suwizalan da gabashin Turai suka riƙe ƙaramin nasu.

A ƙasar Hangare, inda a ke ce da shi simbalom, ƙabilar Roma ce ta fi riƙe shi. Cikin 1874 wani maƙeri a Budapest, József Schunda, ya yi masa ƙafafu huɗu, ya ƙara masa tsirkiya, ya sa masa abin takawa kamar na keken ɗinki, wanda ke sakin amo ko ya kashe shi. Wannan ne ya shigar da shi manyan zaurukan kiɗa, har Zoltán Kodály ya ba shi wuri cikin wasansa mai suna Háry János a 1926.

Mutanen Gabas kuwa suka bar akwatin kusan yadda ya ke, suka horar da hannu. A Sin ya shiga ta bakin tekun kudu wajen ƙarni na 17, suka sa masa suna yangkin, watau abin kiɗan baƙi, suna bugunsa da tsinken gora mai lanƙwasa. A Kashmir yana da tsirkiya wajen 100, yana rakiyar waƙoƙin Sufaye. Shivkumar Sharma, wanda aka haifa 1938 ya rasu 2022, shi ya kai shi cikin babban kiɗan Indiya, bayan manyan makaɗa sun ce abin da ba ya lanƙwasa murya ba shi da wuri a cikinsu. Dabarar da ya yi ita ce, sai ya buga ya bar kan sandan ya silale bisa tsirkiyoyi, murya ta bi juna ba tsinkewa.

Amma abin da ke hannun mutum, in mutumin ya tafi ya kan tafi da shi, Farisa da Iraki kuwa duk sun kusa ganin haka. A zamanin Sarki Nasiruddin Shah, wanda ya yi mulki daga 1848 zuwa 1896, santur abin fada ne, masu iya shi 'yan kaɗan, kamar Muhammad Sadik Khan, kowa kuwa daga bakin malaminsa ya ɗauka, babu rubutu. Habib Sama'i, wanda ya gaji sana'ar daga ubansa, shi ya jiyar da jama'a muryarsa bayan an buɗe gidan rediyon Tehran a 1940, ya rasu 1946. Abul Hasan Saba ya ɗauki abin da ya samu daga gare shi ya zuba cikin littattafai da rubutun kiɗa, kafin shi ma ya rasu a 1957. Almajirinsa Faramarz Payvar, wanda ya rasu 2009, ya ƙara littattafan koyarwa ya yaye almajirai masu yawa, har santur ya fita daga fada ya shiga gidajen mutane.

Na Bagadaza ya fi wannan tsanani. A can santur da joza, watau wata irin kukuma ta ɓawon kwakwa, su ne ke rakiyar mawaƙin makam, makaɗansu kuwa kusan duk Yahudawan birnin ne, uba ya bar wa ɗa. Da aka yi babban taron kiɗan Larabawa a Alkahira cikin 1932, mawaƙin Iraki Muhammad al-Kubbanji ya je da ƙungiyarsa, mai bugun santur ɗinta Yusuf Pataw. Cikin 1950 da 1951 Yahudawan Iraki fiye da 100,000 suka yi ƙaura zuwa Isra'ila, makaɗan suna ciki. Akwatuna suna nan a Bagadaza, amma hannuwan da suka san su sun tafi. Hashim al-Rajab ne ya ɗauki santur, Sha'ubi Ibrahim ya ɗauki joza, suka koyar da na baya, makam bai rasa rakiya ba. Hukumar UNESCO ta sa makam na Iraki cikin jerin gadon al'adun duniya a 2008, ta sa taskar kiɗan Farisa da a ke kira radif a 2009.

Ga shi dai wanda aka kai gaban Sarkin Faransa, mai tsawon ƙafa 9, ya shuɗe tare da mai shi, na Farisa kuwa mai ƙafa 3 yana nan da tsirkiyarsa 72 da jakunansa 18, ana koyar da shi hannu da hannu, ana kuma koyar da shi a takarda. Wannan shi ne taƙaitaccen tarihin santur.