Ingarma da Kuru: Dawaki Biyu, Gudu Iri Biyu a Ƙasar Jos

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan la'asar sai gardama ta kaure a kan sukuwa, har wani matashi ya ce ai doki in ba ingarma ba ne to jaki ne kawai. Maganar ta tuna mini da kakana, Allah ya jiƙansa, baduku ne da ya baro Kano ya zauna a Naraguta zamanin haƙar kuza. Shi ya fara nuna mini cewa dawaki iri biyu ne suka taka ƙasar nan, kuma kowanne da irin gudunsa.

Na farko shi ne wanda muka sani, wato dogon dokin Arewa. Jininsa gauraye ne. Akwai wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Arewacin Afirka, akwai kuma na Dongola a ƙasar Sudan, wanda ya shigo ta Wadai da Borno, mai dogayen ƙafafu da hanci mai ɗan tudu kamar na rago. Tsayinsa a kafaɗa yakan kai mita ɗaya da rabi. Tsadarsa kuwa ba a magana, domin matafiyin nan Leo Africanus ya rubuta a ƙarni na 16 cewa Sarkin Borno yana ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda.

Wannan doki na fili ne. Ana ɗaura masa sirdi mai tudu gaba da baya, da faffaɗar likkafa, da linzami mai zafi. Gudunsa na zuga ne: a sake shi ya tashi kamar kibiya, kafin ka ƙifta ido an ja linzami ya yi zamiya a gaban sarki. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ya san abin da nake nufi.

Na biyu shi ne kuru, ɗan ƙaramin dokin da Birom da Ron da Mwaghavul suka daɗe suna kiwo a kan tsaunukan nan tun kafin zuwan kakanninmu. Da kaɗan ya wuce mita ɗaya. Ba sirdi ba likkafa, igiya kawai ake riƙe shi da ita, mahayi ya matse shi da cinyoyi. An fi hawansa a farautar gayya da yaƙi, saboda haka gudunsa na juriya ne, ya hau dutse ya gangara kwazazzabo, ya wuni yana bin nama bai gaji ba.

To, mai karatu, wanne ya fi? Tarihi ya riga ya ba da amsa sau biyu. A ƙarni na 19 mayaƙan Bauchi sun yi ta cin nasara a filayen da ke gindin tsaunuka, amma ba su iya mallake mutanen da ke kan duwatsu ba, domin ingarma mai nauyin kaya ba ya da ta cewa a tsakanin duwatsu. Sai kuma Turawa suka zo, Kamfanin Neja ya kafa sansanin kuza a Naraguta wajen 1904, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914. Suka kawo wasan folo da sukuwa irin tasu a shimfiɗaɗɗen fili, da ƙaramin sirdi da mahayi mara nauyi. A irin wannan fage dogon taku ne ke ci, kuru ba ya ko ganin ƙurar dokin Arewa.

Kakana ya ce da ya zo sabo yakan yi wa kuru dariya, har ranar da ya ari doki ya bi wani abokin cinikinsa Birom zuwa ƙauyensu. A fili ya bar shi a baya, amma da suka fara hawan dutse sai ga shi ya sauka yana jan nasa da ragama, abokin yana can sama yana jiransa. Daga ranar, in ji shi, bai ƙara raina abin da ya tarar a garin mutane ba.

Yau kuru ya yi ƙaranci ƙwarai, babur ya karɓe masa aiki, har a bukukuwa irin su Nzem Berom sau da yawa dawakin kasuwannin Arewa ake gani. Abin da ke damuna shi ne yaranmu da aka haifa a Jos sun san sunayen dawakin sarakunan Kano, amma ba su san dokin ƙasar da suka tashi a cikinta ba. In kana da maƙwabci dattijo Birom, ka tambaye shi labarin kurun mahaifinsa, za ka sha mamaki. Allah ya bar zumunci, ya zaunar da Filato lafiya.