3.4 Mataimakan Taurari a Kamfanin Warner: Peter Lorre da Sydney Greenstreet

A sashen da ya gabata an yi bayanin manyan taurarin finafinan Amurka. A nan kuma za a duba mataimakansu, wato 'yan wasan da ba su ne jaruman labari ba, amma labarin ba ya tsayuwa sai da su. Za a ɗauki misalin mutum biyu da suka fito tare a finafinai 9 tsakanin 1941 da 1946.

An haifi Lorre a 1904 a daular Ostiriya da Hangari. Ya yi suna a Jamus da fim ɗin M na 1931, sannan ya bar ƙasar a 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki. Shi kuwa Greenstreet, mutumin Ingila ne, an haife shi a 1879. Ya daɗe yana wasan daɓe, bai taɓa fitowa a fim ba sai yana da shekara 61, a The Maltese Falcon na 1941, inda suka fara haɗuwa da Lorre.

Abin lura shi ne, tsarin aikin wancan zamani ne ya riƙa haɗa su. Kamfani yakan ɗaure ɗan wasa da yarjejeniya, wani lokaci har ta shekara 7, ya sa shi a fim ɗin da ya ga dama. Kamfanin Warner ya lura cewa bambancin siffarsu yana jan 'yan kallo: ɗaya ƙato mai ƙasaita, ɗaya ɗan ƙarami mai sanyin murya da alamun rashin gaskiya. A Casablanca na 1942 ko fage ɗaya ba su haɗu ba, amma a The Mask of Dimitrios na 1944 da The Verdict na 1946 su ne suka riƙe labarin.

Bayan 1946 ba su sake fitowa tare ba. Shi ma tsarin ya fara rushewa bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1948, wanda ya raba kamfanonin da gidajen sinimarsu. Greenstreet ya rasu a 1954, Lorre kuma a 1964.

Don haka, duk mai nazarin da ya tsaya ga sunayen taurari kaɗai, rabin tarihin wannan zamani ya rubuta.