Asalin Garin Gaya

Tun ba a san wani gari wai shi Kano ba, Gaya tana zaune da mutanenta. Haka dattawa suka faɗa. Suka ce wani maƙeri ne, ana ce da shi Kano, ya tashi daga Gaya da jama'arsa suna neman tama. Suka nausa yamma, suna tafe suna duba ƙasa, har Allah ya kai su gindin Dutsen Dala. Nan suka tarar da abin da suka fito nema. Suka sauke zuga-zugi, suka kafa uwar maƙera, suka hura wuta. Ƙarar masabarsu ce ta kira mutane, wurin ya zama gari, ya ci sunan maƙerin. Zuriyarsu su ne ake kira Abagayawa. Waɗansu masana suna ganin sunan Abagayawa daga baya aka laƙa shi. Ni dai na fi yarda da dattawa, don ba a banza birni kamar Kano zai yarda wani gari ya girme shi ba.

Sarauta kuwa, littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) Agalfati, ɗan Sarkin Macina, ya zo ya zama Sarkin Gaya. Garin Gaya yana gabas, ta fuskar Barno, don haka a wancan zamani kullum a shirin yaƙi yake, kuma sarakunansa ba su iya sunkuyar da kai ba.

Wanda ya fi su taurin kai shi ne Farin Dutse. A zamanin Sarkin Kano Dadi (1670 zuwa 1703) ya yi tawaye, shekara uku cur bai aika da haraji ba. Ba a fagen fama aka ci shi ba, abin takaici. Lallaɓa shi aka yi ya zo ganawa, aka kashe shi. Waɗansu suka ce da aska, waɗansu suka ce da baura. Na fi zaton aska ce, ita ce ke shiga zaure a aljihu ba wanda ya lura.

Amma Farin Dutse ya bar 'ya, Maryama, ita ce ta haifa wa Dadi ɗa, Muhammadu Sharefa. Da Sharefa ya hau gadon Kano a 1703, sai Gayawa suka zama su ne masu faɗa a ji a fada, ya kuma kewaye garin kakansa da ganuwa.

A 2019 an ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka mai da ita ta biyu.